Daga Boris Zuwa Kwanon Samira: Me Ya Sa Ƙarfe Ke Tartsatsi a Maikirowef?

Ranar wata Asabar ina ɗaki ina ninke kayan yara, sai na ji ƙara tat-tat-tat daga kicin kamar ana walda. Na fito da gudu na tarar da ƙanena tsaye a gaban maikirowef, cikinsa sai walƙiya yake yi. Yaron yana koyon kanikanci ne, ya zo gyara mini injin markaɗe, sabon boris ya ƙi shiga jikin sandar injin. Ya saba ganin ogansa yana ɗumama boris kafin ya saka, shi kuwa ya waiga ya ga na'urar ɗumame a kusa. Na kashe soket nan take. Allah ya taƙaita, baƙin tabo kawai aka samu a bangon ciki.

Da hankalina ya kwanta na bi diddigin maganar, sai na gane cewa ɗumama boris ɗin daidai ne, wurin da ya zaɓa ne kuskure. Kuma irin kuskuren nan muna yin sa a kicin da cokali da kwano ba tare da mun lura ba.

Dalilin ɗumama boris

Uwargida, kin san dabarar nan ta zuba ruwan zafi a kan murfin kwalba idan ya ƙi buɗuwa. Ƙarfe yana ɗan buɗewa idan ya ji zafi, ya koma yadda yake idan ya huce. Da wannan makanikai suke aiki. Ana ƙera ramin boris ya matse sandar da zai zauna a kai, don kada ya riƙa zamewa idan inji yana gudu. Idan aka buga shi da guduma ta wurin da bai dace ba, 'ya'yan ƙarfen da ke ciki suna yi wa hanyarsu rauni, boris ya fara ƙugi tun yana sabo.

Shi ya sa ake ɗumama shi. Boris mai rami milimita 50, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 80, ramin yana buɗewa da kusan kaurin silin gashi ɗaya. Wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa a zura shi cikin sauƙi, idan ya huce ya kama gam.

Amma zafin yana da iyaka. Masu ƙera boris suna gargaɗin kada ya wuce kimanin digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, domin fiye da haka taurin ƙarfen yana lalacewa. Wanda ya zo a rufe da giris a cikinsa ma ba ya jure ko wannan. Saboda haka a wurin aiki ake sa shi cikin mai mai zafi ana auna zafin, ko a ɗora shi a na'urar da aka ƙera musamman don wannan aiki. Maikirowef ba ya cikin lissafi: ba ya ɗumama ƙarfe bai-ɗaya, kuma babu yadda za a san zafin da ya kai.

Yadda maikirowef ke aiki

A shekarar 1945 wani injiniya a Amurka mai suna Percy Spencer, ma'aikacin kamfanin Raytheon, ya lura alewar cakulan da ke aljihunsa ta narke yayin da yake aiki kusa da na'urar rada. Daga nan aka samo maikirowef. A cikinsa akwai wani sashe da ake kira magnetron, mai fitar da igiyoyi dangin na rediyo waɗanda ido ba ya gani. Igiyoyin suna juya ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci gaba da baya sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, wannan motsin ne ke zama zafi.

Ƙarfe kuwa ba ya barin igiyoyin su ratsa shi, mayar da su yake yi kamar yadda madubi ke mayar da haske. Shi ya sa aka yi bangon maikirowef da ƙarfe, aka kuma sa raga mai ƙananan huji a gilashin ƙofa, don igiyoyin su tsaya a ciki.

To, in dai bangon ma ƙarfe ne, me ya sa cokali mai yatsu ke tartsatsi? Amsar tana ga siffa. Igiyoyin suna sa wutar lantarki ta riƙa kai-komo a jikin ƙarfe. A bango mai santsi da faɗi tana bazuwa lafiya. A wuri mai tsini, ko kaifin baki, ko inda ƙarafa biyu suka kusa haɗuwa, sai ta taru har ta tsallaka ta iska. Wannan tsallen shi ne walƙiyar da muke gani. Boris cike yake da irin waɗannan ƙananan rata. Idan akwai takarda, leda ko maiƙo a kusa, tartsatsin yana iya zama gobara. Haka kuma idan babu abinci mai ruwa da zai shanye igiyoyin, suna komawa kan magnetron su gajiyar da shi, gyaransa kuma ba arha ba.

Ƙarfen da ke ɓoye a kicin ɗinki

Kowa ya san cokali ƙarfe ne. Waɗanda suka fi yaudararmu su ne:

- Kwanon samira. Fenti ne a sama, ƙarfe ne a ciki.
- Farantin tangaran da kofuna masu zanen zinari ko azurfa a baki, irin na kayan ɗaki. Siririn zanen nan yana tartsatsi, ya ƙone ya ɓata farantin.
- Kula da filas masu silba a ciki. Abincin ma ba zai ɗumamu ba.
- Takardar foyil da aka naɗo tsire ko kaza da ita, musamman idan ta cukuikuye.
- Gwangwanin madara, na tumatir ko na kifi.
- 'Yar wayar ɗaure ledar burodi, da ƙusar sitefila a jikin jakar shayi ko kwalin abinci.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki ware kwano ɗaya ko biyu na gilas mai jure zafi, ko tangaran maras ado, ki ajiye su kusa da na'urar. Duk abin da za a ɗumama a juye shi a ciki. Idan roba ce, ki duba ƙasanta ko an nuna ta dace da maikirowef.

Wasu na'urorin suna zuwa da ragar ƙarfe tasu ta gashi. Ki duba littafin na'urar ki ga a wane maɓalli aka yarda a yi amfani da ita, kada ki ɗauka tunda ita ta shiga, kowane ƙarfe ma zai shiga.

Idan kin ga tartsatsi

Ki danna maɓallin tsayawa, ki kashe soket. Idan wani abu ya kama da wuta a ciki, kada ki buɗe ƙofar, domin iska ce za ta ƙara rura ta. Ki bar ta a rufe har ta mutu. Kada a taɓa ƙarfen da hannu sai ya huce. Idan fentin ciki ya ƙone har ƙarfe ya bayyana, ko ƙofar ta daina rufuwa da kyau, a kai wa mai gyara kafin a sake kunnawa. Kuma kada kowa a gida ya kwance bayan na'urar, domin akwai sashen da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire ta daga soket.

Abu na ƙarshe, ki tara yara da 'yar aiki ki nuna musu kwanukan da aka yarda da su, tunda sau da yawa su ne ke ɗumame idan kin fita. Ƙanena dai washegari ya tafi da sandar injin gareji, aka ɗumama boris a mai, ya shige ba tare da an ɗaga guduma ba. Tabon nan kuwa yana nan a bangon maikirowef ɗina, da shi nake yi wa yara bayani.