Caje-cajen Banki da Hanyar Kai Ƙara

Gabatarwa

Tun kafin zuwan banki ƙasar Hausa, ajiya amana ce. Wanda aka ba ajiya yakan mayar da ita yadda aka ba shi, ba ragi ba ƙari. Wannan ne ya sa Bahaushe yake ɗaure fuska in ya ga banki ya taɓa kuɗinsa ba da saninsa ba. Sai dai sau da yawa fushin yakan ƙare a bakin ƙofar banki, domin mutum bai san wane caji doka ta halatta ba, balle inda zai kai kuka. Wannan maƙala za ta yi bayanin waɗannan abubuwa biyu kamar yadda suke a Nijeriya.

Cajin da Doka ta Sani

Banki ba shi da ikon yanke wa mutum abin da ya ga dama. Babban Bankin Nijeriya yakan fitar da kundin da ke ƙayyade kowane caji da iyakarsa. Alal misali, kundin da ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 2020 ya ce in mutum ya aika da kuɗi zuwa wani banki ta waya ko intanet, a caje shi naira 10 in kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, sannan naira 50 ga abin da ya haura haka. A kan wannan ne ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa ake ganin naira 53 da kwabo 75 maimakon 50 cif.

Akwai kuma kuɗin kula da asusu, wanda aka kawo a 2016 bayan an soke kamashon da ake kira COT. An ƙayyade shi kada ya wuce naira 1 cikin kowace 1,000 da mutum ya fitar, kuma a asusun da ake ba mai shi littafin cek kaɗai, ban da asusun ajiya. Ke nan ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya fitar da naira miliyan biyu cikin wata, iyakar wannan caji a kansa naira 2,000 ne, ban da haraji. In aka cire 3,000, yana bin banki bashin abin da ya hau. Waɗannan ƙa'idoji kan canza, kamar yadda aka canza cajin na'urar ATM a watan Maris na 2025, saboda haka wajibi ne mai ƙorafi ya duba ƙa'idar da ke aiki a ranar da aka taɓa kuɗinsa.

Matakan Kai Ƙara

Mataki na farko shi ne mutum ya nemi takardar bayanin asusunsa, ya bi ta layi-layi, ya fitar da ranar da aka cire kuɗin da adadinsu da sunan da aka ba cajin. Saƙon waya shi kaɗai bai isa ba, domin wani cajin ba a aiko da saƙo a kansa.

Na biyu, ya rubuta wa bankinsa takarda, ya riƙe kofe mai ɗauke da hatimi da kwanan wata, ya kuma karɓi lambar ƙorafin da za a bi sawunsa da ita. A nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Sukan yi wa ma'aikacin kanta magana da baki, a ce musu su dawo gobe, maganar ta bi iska. Babban Banki ya ɗebar wa bankuna mako biyu su warware ƙorafi, ko kwana 30 in ya shafi cajin da ya wuce ƙa'ida.

Na uku, in wa'adi ya cika ba a yi komai ba, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, wanda aka kafa a 2012. Ana iya miƙa takardar a reshensa na jiha. A bayyana suna da lambar asusu da abin da ya faru da adadin da ake nema, a haɗa da shaidar cewa an fara tuntuɓar bankin. Kada a rubuta lambar sirri ta kati ko kaɗan. In an tabbatar da laifi, akan umarci banki ya mayar da kuɗin. Wanda bai gamsu ba, ƙofar kotu a buɗe take.

Kammalawa

Naira hamsin ba ta tayar wa mutum ɗaya hankali, amma da yayyafi kogi kan cika. In aka cire ta bisa kuskure daga asusu miliyan ɗaya, ta zama naira miliyan hamsin. Ɗalibin da ake aiko wa kuɗin abinci da ɗan fanshon da ke jiran ƙarshen wata su ne suka fi jin zafinta, su ne kuma suka fi yin shiru. Ƙorafin da aka rubuta, aka riƙe shaidarsa, aka bi da shi mataki-mataki, shi ne yake dawo da kuɗi.