Daga Haƙuri Zuwa Maneji: Kalmomin Jure Wahala Tsakanin Ingilishi da Hausa

Duk wanda ya ɗan tsaya da hantsi a Ƙofar Kuyambana, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Zariya, ya kasa kunne ga gaisuwar masu shige da fice, zai ji amsa iri biyu ga tambaya guda. Idan aka ce da dattijo, "Baba, yaya muka ji da tsadar nan?" sai ya ce, "Sai haƙuri, ɗana." Idan kuwa matashi mai Keke Napep aka tambaya, amsarsa ita ce, "Wallahi Malam, maneji kawai muke yi." Kalmar farko ta gida ce, ta biyu kuwa aro ce daga Ingilishi, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba.

Ingilishi ya rarraba wannan fage zuwa kalmomi da dama, mafi yawansu masu tushe a harshen Latin. "Patience" ta samo asali ne daga kalmar da ke nufin shan wuya, shi ya sa majinyaci ma ake kiran sa "patient". "Endurance" tana da nasaba da tauri, wato mutum ya zama kamar dutse har wuya ta wuce. "Perseverance" ta ƙunshi ci gaba da aiki duk da cikas. Ita kuwa "cope" ta biyo ta tsohuwar Faransanci ce da ma'anar kai bugu a fagen fama, daga baya ta koma nufin iya ɗaukar nauyin abin da ya samu mutum. Abin lura shi ne, dukkansu suna duban mutum shi kaɗai ne tare da matsalarsa.

Haƙuri ya fi haka faɗi. A laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya, ya sanya haƙuri cikin jerin siffofin mutumin kirki tare da gaskiya da amana da kunya da karamci. Dalili kuwa a fili yake: haƙuri abu ne da ke gudana tsakanin mutane. Ana yin sa, ana kuma bayar da shi. Wanda ya taka ƙafar wani yakan ce "yi haƙuri", mai ta'aziyya yakan tambayi "yaya haƙuri?", wanda ba shi da abin ba almajiri yakan sallame shi da "Allah ya ba da haƙuri", haka ma mai raba faɗa da kalmar yake kashe wuta. A nan ne ɗalibi ke tuntuɓe. Idan ya ɗauko "be patient" ya faɗa wa wanda ya ɓata wa rai, a zatonsa ya nemi afuwa, alhali a kunnen mai jin Ingilishi umurni ya bayar cewa a daina gaggawa. Laifi ya zama biyu ke nan.

Sauran kalmomin Hausa sun fi sauƙin daidaitawa, ko da yake ba sa hawa daram. Juriya da dauriya da jimiri suna kusa da "endurance". Dagewa ta fi naci dacewa da "perseverance", domin naci yana ɗauke da ƙanshin gundura. Dangana ce mai wuyar sha'ani. Akan fassara ta da "resignation", amma wannan kalma tana nuni da sarewa, ita kuwa dangana, kamar tawakkali, miƙa lamari ce ga Allah tare da natsuwar zuciya.

Salon magana ma yana da nasa tarkon. Ingilishi, harshen mutanen tsibiri, yakan ɗauko hotunansa daga teku: "weather the storm" da "keep your head above water" maganganu ne na jirgi da guguwa da nutsewa. Bahaushe kuwa daga murhu yake kawo nasa, inda mai haƙuri kan dafa dutse har ya sha romonsa. Mafi haɗari shi ne "tighten your belt". Mai fassara da gaggawa zai ce "ɗaura ɗamara", wanda ke nufin shirin tunkarar aiki ko yaƙi, alhali abin da ake nufi shi ne tsuke bakin aljihu.

Duk da wannan arziki na kalmomi, Hausa ta ari "manage". Tarihin kalmar abin sha'awa ne ga mutanen gari mai hawan salla irin Zariya, domin daga Italiyanci ta shigo Ingilishi da ma'anar sarrafa doki, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin hannu. Hausa ta ɗebo ruwa sau biyu daga wannan rijiya: manaja, mai iko da ma'aikata da kuɗi, da maneji, halin wanda abin hannunsa bai kai ba. Maneji shi ne a sa mudu ɗaya ya yi aikin biyu, a yi wa taya faci karo na uku, a raba kuɗin cefanen yini ya kai jibi. Kalmar ta zauna sosai har ana cewa "waya ta maneji" ko "ɗan gida na maneji". Lallaɓawa da tattali suna kusa da ita, sai dai tattali na wanda yake da abin adanawa ne. Haƙuri aikin zuciya ne, maneji kuwa aikin hannu da lissafi, kuma ba ya da'awar lada. Ba abin mamaki ba ne ta sami gindin zama a ƙasar da ta ga matakan tsuke bakin aljihu na gwamnatin Shehu Shagari a 1982, da shirin SAP na 1986, da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023.

Baƙuwar da ta fi buƙatar taka-tsantsan a yau ita ce "resilience", wadda ta cika takardun ƙungiyoyin agaji da na hukumomin lafiya. Asalinta tsalle ne a dawo baya, kamar roba da aka ja aka saki. Masu fassara sukan sa juriya a gurbinta, kuma a nan ma'ana ke karkacewa. Takardar Ingilishi tana maganar a ba manomi iri da jari da rumbu domin ya farfaɗo bayan ambaliya, fassarar kuwa sai ta fito tamkar ana roƙon sa ya ƙara daurewa. Manomin da ya ji a rediyo cewa za a "ƙarfafa juriyarsa" yana da hujjar ɗauka cewa haƙuri aka sake ba shi, ba zai kuma je inda ake rabon irin ba. "Ƙarfin farfaɗowa" ya fi tsawo a baki, amma shi ne abin da takardar ta faɗa.