Waƙa Tilo da Mawaƙi Mai Cin Gashin Kansa a Ƙasar Zuru

Waƙa tilo, wadda masu sana'ar kiɗa ke kira singul, ita ce waƙar da ake saki ita kaɗai ba tare da an jira kammala kundi ba, kuma ta samo asali ne daga ƙarancin wurin da ke jikin faifan garmaho. A shekarar 1949 kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, wanda ke juyawa sau 45 a minti ɗaya, kowace fuska tasa kuma ba ta ɗaukar fiye da 'yan mintoci, abin da ya tilasta wa mawaƙa taƙaita baitoci da gaggauta kawo amshi.

A Birtaniya wannan faifai ya zama makamin ƙungiyoyin kiɗan jita da ake kira indi, wato masu cin gashin kansu, waɗanda ba su jingina da manyan kamfanonin faifai ba. A 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta buga faifanta na farko da kuɗin da ta tattara wajen dangi da abokai, kuma zuwa 1980 an fara fitar da jadawalin ciniki na musamman domin irin waɗannan faifai. Misalin da ya fi kusa da halin da ake ciki a Arewacin Najeriya shi ne na Arctic Monkeys, samarin birnin Sheffield, waɗanda suka riƙa raba waƙoƙinsu kyauta a wuraren wasa, masoya kuma suka yaɗa su ta intanet, har waƙarsu ta farko a ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Domino ta hau matsayi na ɗaya a Oktoban 2005.

A Arewa kuwa, masarautar Zuru, wadda ke kudu maso gabashin jihar Kebbi, ta haɗa ƙananan hukumomin Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, kuma kiɗa a cikinta ya daɗe yana tafiya tare da aiki da buki. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suna da bikin Uhola na godiya bayan kaka, mai cike da kiɗa da rawa da kokawa, suna kuma da al'adar golmo, inda saurayi da tsararrakinsa ke yi wa surukai noma na tsawon shekaru kafin a ba shi mata. Waƙar da ta taso a irin waɗannan fagage ba ta da iyakar mintoci, domin takan tsawaita ne gwargwadon ƙarfin masu rawa, ba a kuma cika danganta ta da mutum guda ba.

Zuwan kiɗan fiyano da ƙananan situdiyo ya sauya wannan tsari, tunda yanzu kwamfuta da makirfo a ɗaki guda sun isa matashi ko ƙungiyar mawaƙan coci su naɗi waƙa ɗaya da Hausa ko da C'lela, harshen Lelna. Daga nan waƙar kan bi ta hannun masu tura waƙoƙi, waɗanda ke zaune a rumfunan cajin waya da kwamfuta a gabansu, suna loda wa mai saye waƙoƙi a memori kan kuɗi kaɗan, sannan ta ci gaba da tsallakawa daga waya zuwa waya ta Xender da WhatsApp. Ƙarfin wannan hanya ya bayyana a 2020, lokacin da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game Arewa a kwanakin kullen korona, galibi ta gajerun bidiyon da mata suka riƙa ɗauka a gidajensu.

Bambancin yana wajen komawar kuɗi. A Birtaniya akwai kantuna da jadawalin ciniki da hukumomin da ke karɓar wa mawaƙi haƙƙinsa duk lokacin da aka sa waƙarsa a rediyo, alhali a gari irin Zuru abin da mai saye ya biya yakan tsaya ne a aljihun mai turawa. Saboda haka waƙa tilo a nan talla ce, ribarta kuma sai an gayyaci mawaƙi biki ko taron siyasa an yi masa liƙi. Wannan ne ke karkata masu tasowa zuwa waƙar amarya da ta 'yan takara, ke kuma jan su zuwa Hausa, wadda kasuwarta ta kai Kano da Maraɗi. Mai waƙa da C'lela yana da masu sauraro a gida da kuma barikokin soja, inda 'yan Zuru ke da yawa, amma muddin babu tsarin da zai mayar masa da wani kaso na abin da ake samu da muryarsa, da wuya ya mai da waƙar harshensa sana'ar dogaro.