Suna Linzami: Yadda Masana Ke Raɗa Wa Tsirrai Suna

Ka taɓa lura da bishiyar nan da fasinjoji ke fakewa a inuwarta a Kwangila? Wani ya ce dogon-yaro, wani darbejiya, wani kuma maina. To, wa ya yi daidai? Duka. Amma fa in magani ake nema, yawan suna na iya jawo ɓarna.

Shi ya sa masana suka bi tsarin wani malami ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda a 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latinanci. Ta farko sunan zuriya ce, ta biyu sunan shi kansa irin, kamar dai sunanka da na mahaifinka a rajistar makaranta. Dogon-yaro a ko'ina cikin duniya sunansa Azadirachta indica.

Sannan suka jera halittu hawa-hawa, yadda ake rubuta adireshi: ƙasa, jiha, gari, unguwa, gida. Ana duba fure da 'ya'ya da ganye, yanzu kuma har da ƙwayoyin gado. Da haka aka gane tsamiya da ɗorawa da wake da gyaɗa dangi ɗaya ne. Dubi kwansonsu ka gani.

Sunayen ma da labarinsu. Tsamiya, Tamarindus indica, daga Larabci aka ɗauko, tamar hindi, wato dabinon Indiya. Kuka, Adansonia digitata, ta ci sunan Bafaranshe Michel Adanson, wanda ya yi nazarinta a Senigal.

Ga inda abin ya shafe ka. Tafasa da rai-ɗore zuriyarsu ɗaya, Senna, kuma sun yi kama. Tafasa, Senna obtusifolia, ana kwaɗon ganyenta. Rai-ɗore kuwa, Senna occidentalis, ɗanyun 'ya'yansa na da guba, suna lalata hantar yaro. Ka ga kalma ta biyu ce ta raba su.

Daga Kwangila mota ɗaya za ta kai ka Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da ɗakin ajiyar busassun tsirrai, kowanne da sunansa. Can masu bincike ke kai ganye a tantance musu shi kafin su fara gwaji.

Aikinka na wannan mako: tambayi kakarka sunayen tsirrai goma na unguwarku, ka rubuta, ka kawo wa malamin kimiyya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.