IN KA JI CIWO A WURIN AIKI

Da an gama kaka, maza da yawa sukan tafi cin rani. Wani ya kama leburanci a wurin gini, wani fasa dutse, wani aikin inji ko gonar kamfani. Mu da ke ɗakin shan magani mun saba ganin yadda waɗansu ke komowa: wani ba yatsu, wani da karaya, wani da tarin da ba ya jin magani. In ka tambaya, sai ya ce maigidansa ya ba shi kuɗin mota, an rabu. To, ku sani akwai doka a kan wannan. Rashin sani ya fi dare duhu.

ABIN DA DOKA TA CE

A shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata, ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ita ke riƙe da asusun diyyar. Babban ofishinta yana Abuja, tana kuma da rassa a manyan garuruwa kamar Kano da Kaduna.

Mai ba da aiki shi ke zuba kuɗi cikin asusun, watau naira 1 bisa kowace naira 100 ta albashin da yake biya a wata. Doka ta hana shi cire kuɗin nan daga albashinka.

Kada ka ce kai ɗan ƙodago ne, ba ka da takarda. Dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki, da mai aikin wucin gadi, da mai koyon sana'a, har da yaron gida in ba ɗan gidan ba ne. Soja kaɗai aka ware. Ciwon da ka ji a hanya tsakanin gidanka da wurin aiki, shi ma yana ciki. Haka kuma cutar da aikin ya jawo sannu a hankali, kamar ciwon huhu daga ƙurar dutse, ko kurumta daga ƙarar inji.

DA FARI, A CECI JIKI

1. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga gaɓar sama.
2. A wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, gama su ke kawo ciwon sarƙewar haƙora.
3. Wanda ya faɗo daga bisa yana kukan baya ko wuya, kada a ciccibe shi. A kwantar da shi a miƙe bisa ƙyaure ko katako, sa'an nan a ɗauka.
4. A kai shi asibiti ran nan, a yi masa allurar rigakafi. Kome ƙanƙantar ciwo, lalle malamin asibiti ya gani, ya rubuta.

SA'AN NAN A RUBUTA

A nan ne mutane suka fi yin asara. Ciwon da ba a rubuta ba, da wuya a biya diyyarsa. Ku riƙe lokatan nan:

Kwana 14: cikinsu za ka sanad da mai ba ka aiki. A faɗi sunanka, da rana, da wuri, da irin ciwon. In ba ka iya tashi, ɗan'uwanka ya je. Ya fi kyau a rubuta, ka ajiye kwafi guda.

Kwana 7: cikinsu shi kuma zai kai rahoto ga Hukuma. In rasuwa ce, nan da nan.

Shekara 1: cikinta za a cika takardar neman diyya.

Ka adana katin asibiti, da takardar likita, da rasit na magani. Ka riƙe sunayen mutum biyu da abin ya faru a gabansu.

ME ZA A SAMU?

Hukuma takan ɗauki nauyin magani. Wanda ya kwanta jiyya ana biyansa diyyar kwanakin da ya rasa. Wanda ya naƙasa ɗungum, ba ya sake iya aiki, ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Misali, mai albashin naira 70,000 zai riƙa karɓar naira 63,000. Wanda ya rasa gaɓa amma yana iya wani aiki, ana auna abin da ya ragu daga samunsa, akan kuma taimaka masa ya koyi wata sana'a.

In mutum ya rasu a bakin aiki, haƙƙin ya koma ga iyalinsa. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90 kowane wata, mai ɗa guda kuwa kashi 85. Mata, ku lura da wannan. Kada kunya ko zaman takaba ya sa shekara ta wuce. A wakilta wani ya kai takardu.

KADA KA SAYAR DA HAƘƘINKA

Wani maigida zai kira ka gefe, ya damƙa maka 'yan kuɗi, ya ce a bar magana. Kuɗin nan sa ƙare kafin damina, hannu kuwa ba ya tsirowa. Doka ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe diyya, banza ce. Haƙuri da ƙaddara daidai ne, amma karɓar diyya ba roƙo ba ne, abincin 'ya'yanka ne.

In Hukuma ta yanke abin da bai gamshe ka ba, ka nemi ta sake dubawa cikin kwana 180. Bayan nan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Tun ran gini ran zane. Kafin ka kama aiki, tambayi mai aikin ko ya yi rajista da NSITF. In an ba ka hular kwano da takalmi da safar hannu, ka sa su. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa mutanen gida takardan nan tun ba a tafi cin rani ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.