Ɗorewar Farin Jinin Labarin Sararin Samaniya Mai Ƙaramin Jari: Daga Tauraruwa Mai Wutsiya Zuwa Allon Fim

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin masu sha'awar finafinan Hausa, har da wasu manazarta, cewa labarin tafiya sararin samaniya ba gonarmu ba ce, domin shirya shi sai mai tarin dukiya da manyan na'urori. Wannan maƙala za ta auna wannan magana ta fuskar adabi da harshe. Za ta yi haka ne ta hanyar ɗora ayyuka biyu a kan faifai guda. Na farko shi ne littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya na 1969. Na biyu kuwa wani fim ne na ƙasar Turkiyya mai suna Dünyayı Kurtaran Adam, wato "Mutumin da Ya Ceci Duniya", wanda ya fito a 1982. Ɗaya ɗan ƙaramin littafi ne, ɗayan kuma fim ne da aka haɗa da ɗan abin hannu, amma har yau ba a daina ambaton kowannensu ba. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, irin wannan labari yana daɗewa a zukatan jama'a ne idan an zuba baƙon abu a cikin mazubin da suka riga suka sani, aka kuma yi musu magana da muryar gida.

2.0 Yadda Kumbo Ya Shigo Hausa

Ranar 20 ga Yuli, 1969, 'yan sama jannatin Amurka na shirin Apollo 11 suka sauka a kan wata. Labarin ya iso ƙasar Hausa ta rediyo da jarida, kuma harshen bai yi jinkirin samar masa gurbi ba. Kalmar "kumbo" a da sunan wani mazubin abinci ce, sai aka faɗaɗa ma'anarta ta zama sunan abin hawan da ke keta sama. Aka ƙirƙiri "ɗan sama jannati" ta hanyar harɗa kalmar Hausa da ta Larabci, aka kuma kira na'urar da ke kewaya duniya "tauraron ɗan'adam" domin a bambanta ta da taurarin da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni, irin su Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa sukutum. Hatta ciwon idon nan mai yaɗuwa da ya ɓulla a Gana a wannan shekarar, jama'ar Afirka ta Yamma sun laƙaba masa sunan kumbon, Bahaushe kuma ya daidaita sunan da tsarin sautinsa ya ce "afolo".

Abin lura a nan shi ne, waɗannan kalmomi ba a zauren masana kimiyya suka girma ba. Sun bi bakin masu fassara labarai da mawaƙa da mutanen kasuwa. Wannan ya nuna cewa tun farko Bahaushe ya karɓi zancen sararin samaniya a matsayin abin hira da abin mamaki, ya kuma shigar da shi cikin kayan ɗakinsa.

3.0 Tauraruwa Mai Wutsiya da Zubin Labarin Tafiya

A cikin wannan shekara ta 1969 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya. Labari ne na wani yaro mai suna Kilba wanda wani baƙon halitta daga sama, Ƙolin Ƙoliyo, ya ɗauka ya yi yawo da shi a sararin samaniya, yana nuna masa abubuwan al'ajabi. Manazarta adabin Hausa sukan kafa misali da shi a duk lokacin da ake zancen ƙagaggen labarin kimiyya a wannan harshe.

Idan aka tuɓe wa labarin rigar kimiyya, za a tarar da ƙashin bayan da mai karatun Hausa ya saba da shi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, tauraron labarin ya bar gida ya shiga uwa duniya, ya gamu da abubuwan mamaki, kuma da taimakon aljanu ya kai ga abin da ya fita nema. A Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, na wannan shekarar, jarumin ya wuce duniyar mutane ya shiga ta aljanu. Zubin dai guda ne: fita daga gida, gamuwa da majiɓinci mai ikon da ya fi na mutum, ganin abin da ido bai taɓa gani ba, sannan a samu darasi. Abin da Dembo ya yi shi ne ya sauke aljani ya ɗora baƙon sama a gurbinsa. Ko sunan baƙon ma yana tuna wa kunne kalmar "ƙoli". Saboda haka yaron da ya tashi da tatsuniya ba zai ɓata hanya a cikin littafin ba.

4.0 Fim Mai 'Yan Ga-ni-kashe-ni

A fagen fim akwai wani rukuni da masu sharhi ba su yaba ba a lokacin fitowarsa, amma ya sami wasu masoya da ba sa gajiya da kallonsa, suna haddace maganganunsa, suna gadar wa na baya. A wannan maƙala za mu kira shi fim mai 'yan ga-ni-kashe-ni. Nasarar da Star Wars ya samu a 1977, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 11, ta haifar da irin waɗannan da dama. Italiya ta fitar da Starcrash a 1978. A Amurka Roger Corman ya ɗauki nauyin Battle Beyond the Stars a 1980, wanda ya kwashe zubin fim ɗin Jafan na Akira Kurosawa na 1954 game da mayaƙa bakwai masu kare wani ƙauye, ya mayar da shi sama.

Babu wanda ya kai na Turkiyya suna a wannan rukuni. Çetin İnanç ne ya ba da umarni, Cüneyt Arkın kuma ya rubuta labarin ya fito a matsayin jarumi. Matuƙan kumbo biyu ne, Murat da Ali, suka faɗa wata duniya mai hamada wadda wani tsohon matsafi ke mulka. Burin matsafin shi ne ya sami ƙwaƙwalwar ɗan'adam domin ya karya garkuwar da ke kare duniyarmu. Da yake masu shirin ba su da kuɗin yin yaƙin sama, sai suka yanko hotuna daga Star Wars ba da izini ba, suka haska su a bayan 'yan wasan, su kuwa suna zaune da hular kwano irin ta masu babur. Kiɗan ma aro ne daga wasu finafinai, ciki har da Raiders of the Lost Ark na 1981. An ɗauki yawancin fim ɗin a duwatsun Kafadokiya. Dodannin mutane ne cikin rigunan gashi. Jarumin yana motsa jiki da naushin duwatsu da ɗaura su a ƙafa yana tsalle, daga baya ya narkar da wani takobin zinariya ya yi safar hannu da shi, ya gama da matsafin.

Duk da wannan rauni, fim ɗin ya rayu. Ya bi kaset ɗin bidiyo, ya shiga intanet, ya yi suna a ƙasashen waje da laƙabin "Star Wars na Turkiyya". A 2016 aka gano wani kwafinsa na asali aka gyara shi aka sake haskawa. Wani abin da ya kamata a yi tsokaci a kansa shi ne, a 2006 an yi masa ci gaba da kuɗi da na'urorin da suka fi na farko nesa ba kusa ba, amma masu kallo da masu sharhi suka yi tir da shi. Cüneyt Arkın ya rasu a 2022, kuma na 1982 ne ake ta tunawa da shi.

5.0 Dalilan Ɗorewa

5.1 Sanannen Zubi da Muryar Gida

Dalili na farko shi ne wanda muka gani a littafin Dembo. Arkın ya riga ya yi suna a finafinan jarumtakar tarihi na Turkiyya, na doki da takobi, kuma wannan jarumin ne ya ɗauka ya kai wata duniya. Matsafi da takobin sihiri da ƙwarangwal masu hawa doki duk kayan almara ne. Fim ɗin har ya sako zancen Haji Bektash Wali, wani shehin sufaye na ƙasar Anatoliya na ƙarni na 13, a tsakiyar labarin kumbo. Hotunan sama na aro ne, amma jarumin da ɗabi'unsa da abin da yake karewa na gida ne. Wannan sashe na gida shi ne abin da kuɗi ba ya saya, shi ne kuma ya hana aikin zama kwaikwayo tsagwaronsa.

5.2 Yarjejeniyar Mai Ba da Labari da Mai Sauraro

Dalili na biyu ya shafi yadda ake karɓar ƙagaggen abu. Idan tsohuwa ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara sun san Gizo ba ya magana, amma sun yarda su ba da aron hankalinsu har a kai ƙurunƙus. Haka abin yake a wasan tashe na watan azumi. Yaron da ya manna auduga a haɓa ya fito a tsoho, kowa na ganin yarintarsa a ƙarƙashin gemun, kuma daɗin wasan yana cikin ganin abubuwan biyu a lokaci guda: tsohon da ake nufi, da yaron da ke ƙoƙarin zama shi. Mai kallon fim mai ƙaramin jari yana cikin irin wannan hali. Yana ganin hular kwano yana kuma ganin matuƙin kumbo. Giɓin da ke tsakanin abin da aka nufa da abin da aka iya, shi mai kallo ne ke cike shi da tunaninsa, kuma abin da mutum ya sa hannu a gininsa ba ya saurin fita ransa. Sai dai akwai sharaɗi: dole mai wasan ya riƙe abin da gaske. Arkın yana naushin dodon tsumma ne da fuskar wanda ke ceton duniya. Da ya yi dariya, da yarjejeniyar ta warware.

5.3 Kallon Taro

Dalili na uku shi ne irin wannan fim abin kallon taro ne. Tarihin kallo a ƙasar Hausa tun daga majigin zamanin Turawa, zuwa gidajen silima na birane, zuwa gidajen kallon bidiyo, tarihi ne na kallo cikin jama'a, ana sowa ana tsoma baki. A unguwar Shamaki ta garin Gombe, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, matasa kan je shagon masu tura finafinai a sa musu a waya, sannan su haɗa kai a majalisa su uku ko huɗu a kan allo guda. A irin wannan zama, wurin da dabarar masu fim ta tonu ya fi ko'ina jawo magana, kuma maganar ce ake tafiya da ita gida. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa sun gane wannan sirri, shi ya sa suke cusa barkwanci da karin magana da sara na yayi a bakin 'yan wasa. Fim mai aibi yana bar wa mai kallo wurin sa baki, wanda aka goge sumul kuwa sau da yawa sai a kalle shi a yi shiru.

5.4 Matsalar Aro

Ba za a rufe wannan sashe ba sai an bambance aro da aro. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabci da Turai da Indiya a Magana Jari Ce, amma ya sake ƙera su har suka zama na Hausa. A masana'antar fim ta Kano kuwa akwai abin da ake kira wankiya, wato kwashe labarin fim ɗin Indiya a sauya masa harshe, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai faɗi a kan wannan cuɗanya. Yanko hotunan wani ba da izini ba, kamar yadda aka yi a fim ɗin Turkiyya, shiga haƙƙin mallaka ne, ba kuma abin koyi ba ne. Bugu da ƙari, sassan da masoyansa suka fi maimaitawa su ne na naushin duwatsu da faɗa da dodanni, waɗanda masu shirin suka yi da hannunsu.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗorewar labarin sararin samaniya mai ƙaramin jari ta ta'allaƙa ne ga sanannen zubi, da yarjejeniyar mai labari da mai sauraro, da al'adar kallon taro. Duka ukun akwai su a adabin Hausa. Uzurin rashin kayan aiki ma ya yi rauni. A 2019 labarin wasu matasa na Kaduna masu kiran kansu The Critics ya zaga duniya, saboda gajerun finafinan kimiyya da suke shiryawa da wayar hannu mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, bayan sun koyi dabarun aikin a intanet. A 2020 J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin kashi biyu na Star Wars, ya aika musu da kayan aiki. Akasarin aikinsu da Turanci ne, wato gurbin Hausa yana nan a buɗe.

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, finafinan Hausa sun fi karkata ga jigon soyayya da zaman aure. Tauraruwa Mai Wutsiya ya cancanci a mayar da shi fim, da izinin masu haƙƙinsa. Akwai kuma aiki a gaban manazarta harshe: a tattara kalmomin sararin samaniya da suka shigo Hausa daga 1969 zuwa yau, a haɗa su da tsoffin sunayen taurari da ke bakin manoma da makiyaya da malaman hisabi, a tantance waɗanda suka zauna da waɗanda suka ɓace, domin marubuci da mai fassara da mai shirya fim su sami rumbun da za su ɗiba.