Kowace Waƙa Da Muryarta: Yadda Ake Auna Mawaƙi A Sabo Ta Badun

Duk wanda ya san birnin Badun, hedkwatar Jihar Oyo, ya san Sabo, wato unguwar Hausawan nan da ke daura da Mokola. An kafa unguwar ne a shekarar 1916, 'yan shekaru kaɗan bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano, a lokacin da shanu ke gangarowa Kurmi, goro kuma yana haurawa Arewa. Wani masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a tsakanin 1962 da 1963, ya tarar da mutane sama da 4,000 a cikinta, kuma a littafin da ya fitar a 1969 ya bayyana yadda harkar shanu da ta goro suka rataya a wuyan masu gida, wato attajiran da ke saukar da fatake, su yi musu dillanci, su tsaya musu a kan bashi.

A irin wannan zama kuwa suna shi ne jari. Mai gidan da sunansa ya kai Kano da Katsina da Sakkwato shi ne fatake za su nufi ƙofarsa, kuma tun zamanin da, babu abin da ke ɗaukar suna ya yi nisa da shi kamar bakin mawaƙi. Saboda haka idan biki ya tashi a Sabo, ko naɗin sarauta a fadar Sarkin Hausawa, ko shagalin Salla, zaɓen wanda zai tsaya a tsakiyar fili ya buɗe baki ba abin wasa ba ne. Bugu da ƙari, maƙwabtan unguwar Yarabawa ne, mutanen da suka san kan kiɗa, masu gangar dundun da ke magana kamar kalangu, waɗanda suka fitar da gwanaye irin su Yusuf Olatunji na kiɗan sakara, wanda ya rasu a 1978, da Haruna Ishola na apala, wanda ya rasu a 1983. Wanda ya kawo raggon mawaƙi a gaban irin waɗannan baƙi, ya kunyata kansa, ya kunyata unguwa.

To, da wane ma'auni ake gane mawaƙin da zai iya ɗaukar babban taro?

ABUBUWA HUƊU DA KUNNE KE NEMA

Abu na farko shi ne numfashi. Waƙar baka ta Hausa tana da gindi, wanda 'yan amshi ke maimaitawa, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke jerowa. Gwanin jagora yakan ɗauko ɗan waƙa mai tsawo, ya lissafo iyaye da kakanni da garuruwa, ya dire shi daidai inda kiɗa ya faɗi, ba tare da an ji ya tsaya shan iska a tsakiyar suna ba. Wanda numfashinsa ya tsaya a ƙirji, kafaɗunsa na ɗagawa, jijiyoyin wuyansa na tashi, ba ya kai ƙarshen dare. Wanda ya iya kuwa, daga ciki yake tura iskar, wuyansa a sake.

Na biyu shi ne fitar kalma. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, ta yadda kukan yaro ya bambanta da kukar miya, garin mutane ya bambanta da garin tuwo, alhali kuwa a rubuce ɗaya suke. Mawaƙin da ya bar raujin waƙa ya murɗe masa kalma, ko ya haɗiye ƙarshen suna don ya cim ma kiɗa, ya ɓata abin da aka kira shi dominsa, domin mai biki sunansa yake so a ji tangararas daga bayan fili.

Na uku shi ne amo, wato yadda murya ke ratsa kiɗa ta fito a kansa. Kalangu huɗu ko biyar idan suka haɗu da 'yan kanzagi a fili, suna iya binne muryar mutum. Akwai mai ihu amma ba a jin sa, akwai kuma wanda bai ɗaga murya can sama ba amma tana huda kiɗan kamar allura. Wannan na biyun shi ne mai amo.

Na huɗu, wanda ya fi sauran wuyar samu, shi ne juya murya. A cikin waƙa ɗaya ta fada akwai yabo, akwai zuga, akwai habaici ga abokan hamayya, akwai zambo, akwai roƙo. Kowannensu da launinsa. Wanda zai yi zambo da muryar da ya yi yabo da ita, ko da zaƙin muryarsa ya kai zuma, bai kai gwani ba.

KOWA DA KIWON DA YA KARƁE SHI

Idan aka dubi manyan makaɗan ƙasar Hausa, waɗanda faya-fayensu na garmaho da kaset-kaset ɗinsu suka cika gidajen Hausawan Kurmi, za a ga cewa kowanne ya tsaya ne a fagen da muryarsa ta dace da shi. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa, ya shahara da natsuwa da saƙar magana, yana jefa kalma 'yan amshinsa na cafewa suna ƙarasawa. Wannan salo ne na fada, mai bukatar nauyi da kamewa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace kuwa, mawaƙin 'yan dambe wanda ya ɗaukaka sunan Shago, aikinsa shi ne ya tsuma namiji har ya fita fage, saboda haka muryarsa tana da kaifi da zafi, irin wadda ke sa tsigar jiki tashi. Haka nan Kassu Zurmi a fagen 'yan tauri.

Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999, ya ɗora wa kansa kayan da ba kowa ke iya ɗauka ba. Amshinsa gajere ne, 'yan amshi na nanata layi ɗaya, duk nauyin waƙar yana kansa, ga kuma rundunar kalangu a bayansa. Ba don yana da murya mai kauri da faɗi da juriya ba, da wannan tsari bai yiwu ba. A ɗaya gefen kuma ga Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai da ɗan kuntiginsa, ba amshi ba ganga. Muryarsa siririya ce mai kaifi, ta dace da ba da labari da jan kunne a kan zaman duniya. Da an tsayar da shi a gaban kalangan Shata da an zalunce shi, da kuma an miƙa wa Shata kuntigi da an takure shi. Babu wanda ya gaza a cikinsu, kowa dai ya san gonarsa.

HAKA ABIN YAKE A TURAI

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa Turawa ma suna da irin wannan awo, har sun mayar da shi ƙa'ida. Suna da wani wasan kwaikwayo da ake kira opera, wanda ake yin dukkan maganarsa cikin waƙa, makaɗa 60 ko fiye suna zaune a gaban dandamali, mawaƙi kuma ba ya riƙe da makirufo. Sun raba muryar maza kashi uku: ta sama, da ta ƙasa, da matsakaiciya wadda suke kira bariton. Mai wannan matsakaiciyar murya shi akan bai wa matsayin uba, ko sarki, ko mugu, wato matsayin da ke bukatar nauyi.

A gidajen opera na ƙasar Jamus, ita kanta bariton ɗin an sake karkasa ta. Akwai mai taushi da ta dace da waƙar soyayya da raha, akwai mai kauri da ake ajiye wa matsayin jarumai a wasannin Richard Wagner. Bisa al'adarsu, akan ɗauki mawaƙi aiki ne a kan rukunin da muryarsa ta faɗa, don kada a tilasta masa ɗaukar abin da zai karya shi.

Babban zakaran gwajin dafi ga mai bariton shi ne wasan Rigoletto na Giuseppe Verdi, mutumin Italiya, wanda aka fara nunawa a birnin Venis a 1851. Rigoletto wawan sarki ne mai doro, mai kaifin baki, wanda ya saba yi wa fadawa ba'a, har ranar da suka sace masa 'yarsa tilo. A fage guda sai ya taso musu da fushi da tsinuwa, sa'an nan ya karye ya koma roƙo da kuka. Mawaƙin da zai ɗauki wannan matsayi sai ya kasance yana da ƙarfin da zai rinjayi makaɗa, yana iya daɗewa a saman muryarsa ba ta tsage ba, yana kuma iya sauko da ita ta yi laushi. Ashe wannan shi ne juya muryar da ake nema ga makaɗin fada.

Su ma suna gardama a kan gwanayensu. Dietrich Fischer-Dieskau, Bajamushen da ya rasu a 2012, ba shi da na biyu wajen rera waƙoƙin natsuwa tare da fiyano, amma da ya ɗauki Rigoletto a faifai a 1964 masu sharhi sun rabu biyu: wasu suka yaba da hikimarsa da fitar kalmarsa, wasu suka ce muryar ba ta da kaurin da Verdi ke bukata. Tito Gobbi na Italiya kuwa, wanda ya rasu a 1984, ba a sa shi a sahun gaba wajen zaƙin murya, amma ya yi fice saboda yadda yake canja mata launi gwargwadon halin wanda yake kwaikwaya. Game da amo kuma, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan Sundberg, ya nuna a shekarun 1970 cewa horarren mawaƙi yana tattara ƙarfin sautinsa a wani mataki na sama inda kayan kiɗa ba su da ƙarfi sosai, shi ya sa ake jin sa a kansu ba tare da ihu ba. Abin da na'ura ta auna a can, shi ne kunnen mai sauraron kalangu ya daɗe da ganewa.

SANNU BA TA HANA ZUWA

Malaman opera sukan hana saurayi ɗaukar manyan matsayi sai muryarsa ta nuna, domin muryar namiji tana ci gaba da cika har bayan shekara 30. A gidajen kiɗa na Hausa ma haka tarbiyyar take. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma kanzagi, ya shiga amshi shekara da shekaru kafin a bar shi ya ja waƙa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya taso ne a hannun mahaifinsa cikin kiɗan noma, ya zauna a ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya ja ragamar ƙungiyarsa har ya kai ga waƙe Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Amshi makaranta ce: a nan ake koyon inda ake shan iska, da yadda ake shiga kiɗa a fita.

Dalilin wannan haƙuri a fili yake. Sauti yana fitowa ne daga wasu tantani biyu ƙanana da ke cikin maƙogwaro, waɗanda ke kaɗawa idan iska ta ratsa su. Wanda ya yi ta matsa musu da ihu, sai su kumbura, daga baya su yi kanta irin ta hannun manomi, murya ta dishe, wani lokaci har abada. Taba da ƙura da rashin barci da ƙarancin shan ruwa duk suna ƙara ta'azzara abin. Zuma da citta da kanumfari suna sanyaya wuya, amma ba sa gyara muryar da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta.

ZANEN ARO

Yau Sabo ta canja. Hausawan Badun sun bazu zuwa Sasa da Bodija da Ojoo, ita kuma unguwar an fi saninta da 'yan canjin kuɗi da masu tsire. Kiɗan ma ya canja. Fiyano ta maye gurbin kalangu a yawancin bukukuwa, lasifika ta ɗauke wa mawaƙi wahalar cika fili, kuma tun daga 1997 da aka fito da Auto-Tune, kwamfuta na iya miƙe muryar da ta karkace kafin ta isa kunnen jama'a. Na'ura ba laifi ba ce, ta kai waƙar Hausa inda ƙafa ba ta kai ba, kuma a cikin matasan akwai masu murya ta gaske. Illar ita ce ta ɓoye bambanci tsakanin mai numfashi da marar shi, har ta kai ga wani mawaƙin yakan sa faifansa a wurin biki ya riƙa motsa baki kawai. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara: ranar da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, a nan ake sanin wanda ke da murya.

Abin da ya rage a hannun masu biki da masu sarauta da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Sabo ba mai wuya ba ne. Kafin a ba mawaƙi babban taro, a ji shi da bakinsa, a gaban ganga, ba na'ura. A duba ko sunaye na fita, ko yana dire ɗan waƙa da sauran iska a cikinsa, ko muryar da ya fara da ita bayan lisha tana nan har tsakar dare. Mai taushin murya a ba shi zaman amare da waƙar nasiha, mai kauri a ba shi fada da fagen maza, a kuma biya kowanne hakkinsa. Su kuma matasan da Allah ya ba baiwa, su daure su zauna a bayan na gaba su yi amshi, domin wanda bai iya karɓa ba, da wuya ya iya bayarwa.